Magani Bakwai, Maƙogwaro Ɗaya

Abubuwa da yawa sun same ni a shekarun da na yi ina yi wa 'yan kokowa waƙa, kuma yawancinsu sun bi iska. Amma kwana huɗun da na yi ina ɗura wa maƙogwarona magani, waɗannan kam har a sa ni a ƙasa ba zan manta da su ba. Ko na so in manta, muryata ba za ta bari ba, kullum na buɗe baki sai ta tuna mini.

Ina da aboki tun na ƙuruciya, mutumin Safo, ɗan kokowa. Tare muka yi kiwon awaki. Shi ya girma ya zama ƙato, ni kuwa ban samu komai ba sai baki. Duk filin da ya shiga ina bayansa ina zuga shi. A kakar wata shekara ya ce mini gwiwarsa ta gaji, kokowar da za a yi a Madarunfa bayan an gama ɗaurin gero ita ce ta ƙarshe gare shi. Sai na tsara masa waƙar ban kwana. Bakin tabki nake zuwa in rera abata ni kaɗai, na hana shi jin ko baiti ɗaya, wai sai a fili. Akwai wani wuri a cikinta da nake ɗaga murya can sama in kira shi da sunan mahaifiyarsa, Allah ya ji ƙanta. Na san in na kai nan sai ya yi hawaye, kuma wallahi abin da nake jira ke nan.

Ana saura kwana biyar aka gayyace ni biki a garin Ɗan Issa. Ana tsaka da sha'ani kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, lasifika ta mutu. Mai hankali da ya zauna. Ni da na ji mata suna guɗa sai kaina ya kumbura, na ci gaba da tsurar murya har aka watse. Washegari na ce wa matata ina kwana, sai wani sauti ya fito kamar ana jan ƙofar langa-langa.

Ita ta tasa ni gaba zuwa asibiti. Majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya haska mini maƙogwaro da tocila, ya ce, "Gajiya ce kawai. Ka sha ruwan ɗumi, ka yi shiru kwana huɗu, ko raɗa kada ka yi. Ran Lahadi in sha Allahu kana waƙarka."

Na fito raina a ɓace. Ba allura, ba ƙwaya, wai shiru. A wautata ta lokacin, abin da ba shi da ɗaci ba magani ba ne.

Kafin azahar labari ya gama gari, 'yan dubiya suka fara shigowa. A wurinmu ba a zuwa gaida mara lafiya hannu biyu, kuma babba ba zai miƙo maka magani ka ce ka gode ka ajiye ba. A gabansa za ka sha. Gwaggona ce ta fara, da citta da kanumfari da masoro a dake cikin zuma.

"Shanye, ɗan nan," in ji ta. "Mi majo ya sani ga sha'anin murya? To gwada mu ji."

Na kuwa gyara zama na ɓarke da kirari iya ƙarfina. Ta ce ta ji sauƙi ya fara samuwa. Ni dai ban ji komai ba sai raɗaɗi, amma na gyaɗa kai.

Haka aka yi ta yi. Makaɗina ya zo da ɗanyen ƙwai da man shanu. Wani maƙwabci ya kawo jiƙon bagaruwa, wani ya kawo tafarnuwa da lemun tsami. Na biyar ya lulluɓe ni da bargo ya zuba barkono a garwashi, wai hayaƙin yana buɗe murya. Na yi tari har na ga taurari da rana tsaka. Surukina kuma ya zo da wata saiwa jiƙe cikin ruwan jar kanwa. Wa zai kalli surukinsa ya ce a'a? Kowa ya zo sai ya tambayi abin da na sha kafin nasa, ya girgiza kai ya ce wancan ne ya ɓata aiki. Kuma kowa sai ya ce in gwada ya ji. Shirun da aka sa ni, ban taɓa surutu irin na kwanakin nan ba.

Matata ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Malam, ba haka majo ya hwaɗi ba hwa." Na ɗaga mata hannu, irin na manya.

Magani na bakwai kam ba zan ɗora wa kowa ba, da ƙafata na je na saye shi. Ran Asabar na ga muryar sai baya take yi, tsoro ya kama ni. A kasuwa na tarar da wani mai babur yana tallar wata kwalba marar rubutu, wai tana maganin dushewar murya da basir da ciwon baya. Ban tambayi kaina me ya haɗa maƙogwaro da basir ba. Ya ce murfi ɗaya ake sha. Na ce a raina ai ni gaggawa nake yi, na shanye rabin kwalba.

Ran Lahadi na tashi ko yawu ba na iya haɗiyewa, cikina kuma sai ƙugi yake. Duk da haka na zura babbar riga na tafi fili da la'asar, ina gaya wa kaina in na ga taro murya za ta dawo. Fili ya cika maƙil. Abokina ya shigo da layunsa, ya tsaya tsakiya, ya waiwayo ya ɗaga mini hannu kamar yadda muka saba. Makaɗi ya saki ganga. Na cika ƙirji, na buɗe baki. Iska ce kawai ta fito. Na sake, iska. A daidai nan cikina ya murɗa, murɗawar da ba a yi mata gardama. Na tattare babbar riga na keta taro da gudu, na faɗa bayan wani dannin kara.

Ina tsugune a can na ji fili ya ɗauki ihu, abokina ya yi kaye. Sai na ji muryar wani mawaƙi na garin Sarkin Yamma, wanda na daɗe ina raina wa waƙa, yana rera masa wata tsohuwar waƙa da yake yi wa kowa, suna kawai yake canzawa. Da ita aka raka abokina ya bar kokowa. Na yi kuka a wurin nan, kukan ma ba sauti.

Da aka mai da ni asibiti, majo ya ce me na sha. Matata ta shiga lissafa masa, tana kaiwa kan kanwa da kwalba ya ajiye bironsa ya dube ni kawai. Ya tura ni Maradi, can likita ya ce na ƙona maƙogwaron, ga ihun da na yi ta yi a kan rauni. Shirun kwana huɗu da na raina ya koma na wata guda. Murya ta dawo, amma ta ƙasa kawai. Ta saman nan ta tafi ke nan har yau.

Abokina ya zo dubiya, kuma shi kaɗai ne ya zo hannu biyu. Ya zauna a tabarma ya ce, "Ni ban kawo maka komi ba, kada in ƙarasa ka." Muka yi dariya, tawa ba ta fita. Can ya sunkuyar da kai ya ce, "Sau biyu ina waiwayawa, aboki."

Bayan na warke na rera masa waƙar a zaurensa, mu biyu. Da na zo wurin sunan mahaifiyarsa muryar ta ƙi hawa, ta tsinke. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Bari, na ji."

Ban ce itatuwanmu ba su da amfani ba, har gobe ina shan zumata. Abin da na koya shi ne, kunyar mutane da gaggawa ba su san awo ba, kuma maƙogwaron da za a ƙona naka ne kai kaɗai. Yanzu in mawaƙi ya zo mini da dusasshiyar murya yana neman sirri, sai in ce ya je a duba shi, ya rufe bakinsa. In ya yi mini kallon raini, sai in rera masa baitin nan, ya ji da kunnensa inda take tsinkewa.