Tama Dahu, Wanda Ya Sauko Mini da Mijina

Da safiyar Talata, 14 ga Oktoba, 'yarka Savi ta kira ni ta ce ka rasu a gidanka da ke garin Xinyi, bayan doguwar jinyar huhu. Ina tsaye a bakin aji da alli a hannu. Na koma na ƙarasa darasin.

Tama Dahu, mijina Wen-tsai ne ya haɗa mu, domin kai ne jagoransa duk lokacin da zai hau manyan duwatsu. A tafiyar farko da na bi ku, muna dab da ƙololuwa, rana fes, sai ka leƙa kwarin da ke ƙasa ka ce mu juya, hadari na tafe. Wen-tsai ya yi ta faɗa. Ka gyara igiyar kayanka a goshi ka ce, "Kai ɗan birni, dutsen nan ba haya yake ba, balle a tashe shi kafin baɗi." Ranar ko ɗigo bai sauka ba. Ya shekara yana tsokanarka, kai kuwa ka ce ya yi ta dariya, in dai a ɗakinsa yake yin ta.

Shekarar da ka karye a ƙafa, ya tafi da abokansa ba tare da kai ba. Gajimare ya rufe su a kan tsauni da tsakar rana, suka rabu, abokan suka sauko shi bai sauko ba. Masu ceto sun yi iya ƙoƙarinsu har guguwa ta tilasta musu dawowa. Kowa ya ce in yi haƙuri. Kai kuwa, da ƙafarka ta fara takuwa ka ɗauki sanda ka hau, ka sauko, ka sake hawa, duk tsawon hunturu, ba wanda ya aike ka. Sai da ƙanƙara ta narke ka same shi. Ka naɗe shi a bargonka ka goyo shi har inda mota ke zuwa. Da ka gan ni ka cire hula ka ce, "Malama, a bayan wani dutse na same shi zaune, ya juya wa iska baya. Ya yi duk abin da ya kamata."

Tun daga nan, kowace kaka kai kake kai ni wurin. Ni ba gwanar hawa ba ce, amma ba ka taɓa nuna mini ina ɓata maka lokaci ba. Wata shekarar mu isa, wata shekarar ruwa ya tsare mu a bukka muna shan shayin citta har mu haƙura mu koma. Idan mun isa, sai ka ce za ka nemo ruwa, alhali gorunanmu cike suke. Daga nesa nakan jiyo ka kana rera waƙar coci a hankali, har in gama kukana.

A watan Agusta na same ka a baranda da robar iska a hanci, kana kallon tsaunuka. Ka ce Savi ta san hanyar. "Ki bi ta, Malama. Ta fi ni ƙafa, surutu ne kawai ba ta gada ba." Na yi dariya don kada ka ga fuskata. Ga kaka ta zo, sama ta washe, takalmana na bakin ƙofa, kuma har yau na kasa kiran ta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Cina Langus, wadda ta yi hunturu guda tana jiran ka saboda ni, da Savi da 'yan'uwanta, da dukan masu dakon kaya da ka horar. Allah ya ba ku haƙuri. Tama Dahu, Allah ya ji ƙanka, ya yafe maka kurakuranka. Ka mayar da mutane da yawa gidajensu, masu rai da waɗanda suka riga mu. Ubangiji ya kai ka naka gida lafiya.