Uwar Shafi da Harafin Tsohon Tela

Kowace safiya, kafin ta kunna injin buga takardu a ɗan shagonta, Uwar Shafi takan fara duba saƙonnin da suka kwana a shafin intanet na masoya wasannin rediyo na da. Ita ta kafa shafin tun ba ta da furfura ko ɗaya. Ta bi gida-gida tana roƙon tsofaffin kaset, ta goge musu ƙura, ta juye su a kwamfuta, ta rubuta wa kowane wasa sunayen 'yan wasansa. Ba wanda ya sa ta. Mijinta ma yakan tsokane ta cewa kaset ya fi shi samun kulawa, ita kuma ta ce ai kaset ba ya munshari.

Abu ɗaya ya daɗe yana damunta. Masu son shafin yawancinsu tsofaffi ne, ga adireshin da tsawo, ga akwatin binciken a maƙale can ƙasa. Da yawa sukan gaji tun ba su kai ga wasan ba.

Wata rana 'yar wani tsohon tela ta shigo shagon, tana riƙe da mahaifinta, da kwamfutar cinya a hammata. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kashe masa hannun dama, na hagun kuma rawa yake yi. Marigayiya matarsa ce take fitowa a matsayin malamar asibiti mai faɗa a ɗaya daga cikin wasannin. 'Yar ta ce in tana gida ita take buɗe masa shafin, amma an yi mata canjin wurin aiki zuwa nesa, kuma tun da ya ji haka ya rage cin abinci, ya kuma daina shan maganinsa.

Uwar Shafi ta sa shi ya gwada a gabanta. Ya kuskure adireshin, ya sake, ya kuma kuskurewa, sai ya janye hannunsa ya ɓoye a cikin riga. Ta ga kunyar da ta kama shi. Ta jawo kwamfutar, ta shiga saitin burauza, wato manhajar shiga intanet, wajen da ake ƙara injunan bincike. Ta kwafo adireshin da shafinta yake bayarwa in an yi bincike, ta cire kalmar da aka nema ta bar gurbinta, sannan ta ba adireshin harafin “w” a matsayin gajeriyar hanya.

“Baba, layin nan na sama kaɗai za ka kula da shi,” in ji ta. “Taɓa wannan harafin, ka ba da tazara, ka rubuta abin da kake so.”

Da yatsa ɗaya ya rubuta “asibiti”. Wasannin suka jeru. Ya taɓa na farko, sai ga muryar matarsa ta cika shagon, tana yi wa wani majinyaci tatas saboda ya ƙi shan magani. Tsohon yana saurare, can ya goge ido.

“Haka take yi mini,” ya ce. “'Yar nan, miƙo mini maganin nawa.”

A makon nan Uwar Shafi ta rubuta yadda ake yi, mataki-mataki da hotuna, ta liƙa a goshin shafin. Wani makaho mai amfani da manhajar da ke karanta masa rubutu ya aiko da godiya. Jikoki suka riƙa saka wa kakanninsu. Wanda ya kasa kuwa, ta kira shi a waya, ta bi shi a hankali har ya iya.

Yanzu idonta ya fara gajiya, ta miƙa shafin ga wasu mata biyu da ta koya wa aikin. Sun riga sun fara juye sababbin kaset da aka aiko.

Ke ce kika adana muryoyin da ake shirin zubarwa a shara, Uwar Shafi, kika kuma kawo su inda yatsa mai rawa zai iya kaiwa. Mun gode. Allah ya ƙara wa idonki haske, ya sa ki ci moriyar hutunki.

Mu kuma da muka iya taɓa kwamfuta, kowa yana da wani tsoho a gida da yake jin nauyin tambaya. Kada mu jira ya tambaya. Mu jawo kujera, mu zauna kusa da shi.