Na Je Zaɓa wa Ƙanina Mento, Aka Haɗa da Ni

Shekarun baya, a zamanin da nake ganin duk Tamale babu wanda ya kai ni fahimtar rayuwa, mahaifiyata ta ɗora mini wani aiki. Lokacin na gama jami'a, na gama bautar ƙasa, ina zaune a gida. In aka tambaye ni me nake yi, sai in ce ina nazarin kasuwa. Nazarin nan kuwa a kan tabarmar tsakar gida nake yin sa, bayan na cika ciki da koko da ƙosai.

Ƙanina ne damuwar gidan a lokacin. Yana da shekara sha bakwai, jarrabawar gama sakandare ba ta yi masa kyau ba, sai ya faɗa cikin yaran nan masu ɗaga ƙafar moto, wato babur, sama a kan titi. Wata rana ya ɗaga, ƙafar ta ƙi sauka, shi da moton suka zube a kwata. Allah ya tsare, kafaɗa ce kawai ta goce. Amma tun daga ranar yaro ya yi shiru. Ba ya fita, ba ya dariya, duk abin da ka ce masa amsarsa "to". Mahaifinmu direban babbar mota ne, ya fi zama a hanyar Kumasi a kan gida. Mahaifiyata har ta fara ramewa.

Ni na kawo shawara. Na ce, "Mma, abin da yaron nan yake bukata shi ne mento."

Ta ce, "Mento? Man da ake shafawa a ƙirji in ana mura? Shi da kafaɗa ce ta goce masa?"

Na yi mata dogon bayani, cewa akwai shirye-shirye a gari da ake haɗa matashi da wani babba mai hankali, ya riƙa jan sa a jiki yana ɗora shi a kan hanya. Ta saurare ni har na gaji don kaina, sannan ta kwance makullin motonta daga bakin zane ta miƙo mini.

"Je ka zaɓo masa mai kyau. Kai za ka tuƙa. In ka bari ya taɓa kan moton nan, ku biyun kada ku dawo mini gida."

Wuri na farko a Kaladan yake, wani babban zaure cike da matasa. Mai shirin ya sa kwat da laktaye a cikin zafin nan na watan Maris, gumi na bin wuyansa, makirfo a hannu. Yana tafe yana dawowa a kan dandamali yana ihu.

"Ku ce, ni shaho ne!"

Zaure ya amsa, "Ni shaho ne!"

Jama'a, ban san lokacin da na miƙe ba. Duk zauren nan babu wanda ya kai ni ɗaga murya. Har hannuwa na buɗe kamar fukafukai. Da na waiga, ƙanina yana zaune ya sunkuyar da kai, yana fatan kada a gane tare muke.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Makirfo ya mutu, fankoki suka tsaya, shahon namu ya tsaya yana bubbuga makirfon a tafin hannu. Da aka tashi na je na same shi, na tambaye shi wa zai riƙa kula da ƙanina shi kaɗai. Ya dafa ƙirji ya ce shi ne menton kowa. Ya juya ya ce wa ƙanina, "Yaya dai, zakara?" Na lura duk yaron da ya wuce zakara yake ce masa, ko sunan ɗaya bai riƙe ba. Duk da haka ni dai wurin ya burge ni. Da na ba mahaifiyata labari, cewa ta yi, "Shaho? Wanda yake ɗauke mini 'yan tsaki? Shi kake so ɗana ya zama?"

Wuri na biyu a Gumani yake, can bakin gari. Wani dattijo Badagombe ne yake tara matasa a gonarsa yana koya musu kiwon zabi. Ni kuma na ci ado da farar shadda, don a san wakilin iyali ne ya zo. Na gaishe shi da "Dasiba", ya amsa da "Naa", muka koma Hausa. Hausarsa irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a wurinsa.

Ya ce, "Mamanku shi ne ya aiko ku? Shi yana lafiya?"

Na ce tana lafiya. Na gyara tsayuwa na fara yi masa tambayoyi masu nauyi, irin su mene ne manufar shirinsa da hangensa na gaba. Ya ce, "Yaro ya zo da safe, mu yi aiki, mu ci tuwo, mu yi magana." Ina shirin nuna masa cewa wannan ba tsari ba ne, sai na ji an ce, "Masta, bayanka!"

Wani rago ne, ƙato, ya ja da baya yana auna ni. Ban tsaya neman bayani ba. Na tattare shadda na zura a guje, na ratsa tsakiyar garken zabi, suka tashi da kuka kamar an kunna injinan niƙa. Takalmina ɗaya ya tsaya a cikin taɓo. Ban san na iya hawa bishiya ba sai da na gan ni a kan reshen dalbejiya, ragon yana ƙasa yana jira na.

Daga can sama na ji wani sauti da na daɗe ban ji ba. Ƙanina ne yake dariya. Ya riƙe kafaɗar nan mai ciwo, ya durƙusa, hawaye na zuba, yana cewa, "Yaya, shaho ya tashi sama!"

Dattijon bai yi gaggawar ceto na ba. Sai da ya gama zagayawa da ƙanina, ya nuna masa ƙwai da 'yan tsakin zabi, suna ta hira kamar sun saba, sannan ya sa aka janye ragon. A hanyar dawowa na yanke hukunci da babbar murya: Gumani ta fita daga lissafi. Ƙanina ya ce, "To."

Wuri na uku a Bulpiela yake, gidan wata tsohuwar malamar makaranta da kowa ke ce wa Madam. Babu zaure, babu makirfo, kujerun roba ne kawai a baranda. Aikinta ta zauna da yaro ta fahimce shi, sannan ta haɗa shi da wani babba a gari wanda ta yarda da halinsa, tana bin sawu.

Ta dubi ƙanina ta ce, "Ɗana, me kake sha'awa?"

Na ce, "Madam, harkar kwamfuta ce ta dace da shi."

Ta ce, "Me ya fi ba ka wahala a makaranta?"

Na ce, "Lissafi ne, amma asalin matsalar ita ce rashin tsari, domin in kika duba matasan yanzu..."

Ta sauke tabarau ta dube ni. "Shi kurma ne?"

"A'a, Madam."

"To kai tafintansa ne?"

Ta nuna mini wani benci a bakin ƙofar gida, ta ce in je in tsare moton kada a sace. Moton da na kulle da sarƙa. Na fita na zauna, awaki na wucewa suna kallo na. Daga nan ina jiyo muryar ƙanina sama-sama. Yaron da ya yi watanni yana ce mana "to" yana ta zuba kamar an buɗe famfo.

Da ta kira ni ciki, idanunsa sun yi ja. Madam ta ce, "Faɗa wa yayanka."

Ya ce, "Yaya, ni Gumani nake so. Baban nan bai tambaye ni sakamakon jarrabawa ba. Ƙwai ya ba ni in riƙe, ya ce hannuna yana da natsuwa. Tun da na faɗi, kowa kallon mai ɓarna yake yi mini."

Madam ta ce ta san dattijon, ta sha tura masa yara, kuma za ta riƙa leƙawa tana ganin yadda suke, har ta sa ƙanina ya sake zama jarrabawar. Na miƙe zan yi godiya, ta ce in koma in zauna.

"Kai kuma me kake yi?"

"Ina nazarin kasuwa, Madam."

"Wato kana gida."

"Na ɗan lokaci ne."

"Ina da rukunin waɗanda suka haura ashirin. Ranar Asabar da safe. Kada ka sa farar shadda."

Ashe har labarin ragon ƙanina ya ba ta.

Da muka koma gida, mahaifiyata ta ji yadda aka yi, ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Ta ce ta aiki babba ya kai ƙarami asibiti, likita ya kwantar da su duka. Amma da ta ga ƙanina ya ci tuwo ya nemi ƙari, sai ta juya baya tana share ido da gefen mayafi.

Ƙanina ya yi shekaru yana zuwa Gumani a kan keke. Ya sake jarrabawa ya ci, ya karanci harkar noma, yanzu yana da garken zabinsa. Ni kuwa Madam ta ce tunda bakina ba ya hutawa, gara a sama masa aiki. Ta haɗa ni da wata mata mai gabatar da shiri a wani gidan rediyo. Darasin farko da matar ta ba ni shi ne in zauna a gefenta in saurari masu kiran waya, ban da tari ba a yarda in yi komai ba. Ban taɓa shan azaba irin wannan ba, amma a can na koyi aikin da nake ci da shi yau.

Shi ya sa in iyaye suka tambaye ni yadda za su zaɓa wa ɗansu irin wannan shiri, nakan ce su duba ko mai shirin zai san yaron shi kansa, ko kuwa taro kawai yake so. Su je da ƙafarsu su gani. Sannan su tambayi yaron, su yi shiru har ya gama amsawa. Wannan na ƙarshen ya fi wuya, ni shaida ne.

Ranar da aka fara jin muryata a rediyo, maƙwabta suka shigo yi wa mahaifiyata barka. Wata ta ce, "Mma, yau kam kin ji daɗi, ɗanki ya zama ɗan jarida."

Ta ce, "Na ji daɗi ƙwarai. Tun yana yaro nake roƙon Allah ya ba ni yadda zan rage masa murya. Yanzu ga shi, in ya ishe ni sai in murɗa."