Sveinung da Kiɗan Bakin Mahaifiyarsa

Duk wanda ya taɓa hawa motar safa ta kwarinmu a yankin Telemark ya san Sveinung. Shi ne direban nan da ba ya kunna rediyo, in ka yi fito a bayansa kuma ya harare ka ta madubi. Abin dariya, wannan mai ƙin hayaniya ne da ya ajiye aiki ya tashi haiƙan sai ya tabbatar wa duniya shi jinin masu goge ne.

Tun yana yaro yake jin labarin Aslak, mahaifin kakar mahaifiyarsa. Masassaƙin goge ne kuma makaɗi, a zamaninsa ba a kai amarya coci sai yana gaba yana kiɗa. Sai masu wa'azi suka zo suka ce goge kayan Shaiɗan ne. Aslak ya tuba, ya zuba gogunansa a murhu da hannunsa.

Sveinung bai yi aure ba, gida ɗaya yake da mahaifiyarsa Bergit. Ya mamaye teburin kicin da hotuna da sunayen matattu. Ita kuwa tana gefe tana murza gurasar dankali, tana wani kiɗan baki nata marar kalmomi, tana buga ƙafa a katako.

"Inna, don Allah. Aiki nake yi."

"To, yi haƙuri," in ji ta, ta haɗiye sauran.

Haka suka yi shekaru. Ya bi maƙabartu yana kankare gansakuka daga kan duwatsu, ya sha kofi a gidajen dangin da ba su san da shi ba. Ana cikin haka mantuwa ta kama tsohuwar, aka kai ta gidan kula da tsofaffi. Ya ji ba daɗi, amma maganar gaskiya, kicin ya yi masa shirun da yake so.

Daga ƙarshe ya dace. A wata gona bayan dutse ya tarar da goge ɗaya da Aslak ya kyautar kafin ya tuba: sassaƙen kan zaki a wuya, adon bawon dodon koɗi, ga tsirkiyoyin ƙasa da ba a taɓawa, sai dai su amsa wa na sama. Aka ara masa, ya rungumo shi zuwa taron makaɗa, ya miƙa wa Tordis, gwanar kwarin.

A wurinmu ba a jan izga sai an faɗi wurin wanda aka karɓo taken, shi ma wurin wa ya karɓa.

"Taken wa zan buga, Baba Sveinung?"

"Na Aslak mana."

"Wa ya riƙe shi? Ni dai ban taɓa jin ko ɗaya ba."

Yayarsa Gunvor, wadda ba ta iya raɗa ba, ta ce daga kujerarta, "Kai dai an yi sakarai. Me kake zato Inna take yi in tana murza gurasa?"

"Surutunta ne kawai, Yaya."

"Surutun gidanku! Taken kai amarya ne na Aslak. Da ya ƙona gogunan, 'yarsa ta riƙe shi a baki, ita ta ba Inna tana ƙarama. Ni kunnena na katako ne, ta gwada ni ta gaji. Kai ta sa wa rai."

"Me ya hana ta gaya mini?"

"Yaushe ka bar ta ta kai ƙarshe?"

Kunya ta rufe shi, har ya kasa duban kowa. Ya lalubi taken a kansa, ya samu farkonsa kaɗai, daidai inda ya saba katse ta.

Washegari ya ɗauki Tordis da gogen zuwa gidan tsofaffi. Bergit tana bakin taga, hannunta yana murza bargon cinyarta. Ta gaishe shi da ladabi, yadda ake gai da baƙo. Ya durƙusa, ya rera ɗan abin da ya riƙe da muryarsa mai kaushi. Ƙafarta ta fara bugawa. Ta karɓe, muryar siririya amma daidai, Tordis ta bi ta a hankali da izga.

Suna isowa wurin da ya saba katse ta, sai Bergit ta kama bakinta, ta waiga wajen ƙofa.

"Ci gaba, Inna," ya ce. "Don Allah ci gaba."

Ta dafa hannunsa, ta rage murya.

"A'a, bawan Allah, mu bari haka. Ɗana yana aiki."