Kofina Daban, Kwanona Daban

Ke mai tari kina ɓoyewa, da ke nake. Kada ki yi irin wautata.

Wata takwas ba ku ji ni a nan ba. Ba fushi na yi ba, tarin tibi ne ya kwantar da ni.

Wata biyu ina shan jiƙo ina cewa sanyi ne, har zani ya daina zama a ƙuguna. Ranar da na ga jini a kakina, maigidana Malam ya ɗauko ni daga Basirka zuwa asibiti a Birnin Kudu. Aka gwada kaki, aka yi hoton ƙirji.

Likita ya ce, "Hajiya, wata shida za ki sha magani. Kika tsaya a hanya, zai dawo da taurin kai."

A gida aka ware mini ɗaki da kofi da kwano. A bakin ƙofa ake ajiye abinci. Matan da ban taɓa rasa sunansu ko bikinsu ba, ta waya suke gaishe ni. Ina jin hirar gidana ta bango kamar ta maƙwabta.

A wata na uku na fara tura ƙwayoyin ƙarƙashin katifa. Ban ga wanda zan warke dominsa ba.

'Yata Hauwa ce ta gan su tana shara. Ita ce wadda na taɓa ƙwace wa littafi don tana rubuta gajerun labarai, na ce ƙarya ce da zaman banza. Ba ta gaya wa babanta ba. Da safe, kafin koko, ta tsaya bakin taga da takarda.

"Inna, haɗiye tukuna, sai in karanta."

Labarin wata mata ne, akuyarta ta haifi tagwaye ranar da ruwa ya rushe mata madafa. Tana kuka, tana neman tsumman goge su. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, sai ga hawaye.

"To ina darasin?"

"Babu, Inna. Haka ranar ta zo mata."

Na ce shirme ne. Washegari tun kafin ta iso ina riƙe da ruwa da ƙwaya.

Haka muka ƙarasa watannin. Gwajin ƙarshe ya nuna na warke. Alhamdulillahi. Allah ya saka wa ma'aikatan jinya, ya yi wa Hauwa albarka.

Tari ya kai mako biyu, ku je asibiti. Ku shanye magani har ƙarshe.

A gidana kuwa na kafa doka: ko an ware wa majinyaci kwano, dole wani ya zauna masa har ya gama ci. Hauwa ta yi rubutunta, amma sai bayan wanke-wanke.