Saura Kwana Biyu

Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da lissafi a firamare, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Malam Lissafi yake ce masa. Ko lambar mota ya gani sai ya tsaya ya duba ko uku na shiga cikinta.

Tun ranar da aka kawo masa amarya ya soma ƙirga kwanakin aurensu. Kullum da safe yakan buɗe ƙofar kabad, ya rubuta lambar ranar da fensir, ya faɗa wa matar halin lambar.

"Ta yau mara ce, biyu ba ta shiga, amma bakwai na shiga."

"To ta shiga ta sha shayi," in ji ta. "Mazan mutane na kawo turare, nawa lamba."

Akwai wadda ya daɗe yana jira: 14,641, shekara arba'in da wata guda. Ya ce daga dama ko hagu karatunta ɗaya, kuma sha ɗaya ce aka ninka da kanta, aka sake, aka sake. Ya yi mata alkawarin ran nan ita za ta rubuta da hannunta.

Saura kwana ashirin aka kwantar da ita a asibiti, ƙoda ta ƙi aiki. Bai cire ƙofar kabad ba don 'yar autarsu ta hana. A kwalin magani ya ci gaba da rubutu, yana zaune kan kujerar roba.

"Malam, saura nawa?"

"Tara."

"Kai da ba ka taɓa kuskure ba, yi mini ɗaya mana. Tsallake."

"Sai na ba kaina sifiri."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ya riƙe fensirin a kan kwalin, ya daɗe, ya rubuta ta gaskiya.

Ta rasu da hantsi, ran 14,639.

Bayan masu gaisuwa sun watse, auta ta same shi a ɗaki, takardu barbaje a kan gado, abincin rana ya huce.

"Baba, me kake nema?"

"Abin da ke shiga cikin lambar ran da ta rasu. Na gwada uku, na gwada bakwai, na bi su ɗaya bayan ɗaya har ɗari da sha uku. Kowace sai ta bar saura." Ya cire tabarau. "Ba ta yarda da kowa sai ɗaya da ita kanta. Halin uwarki sak."

Auta ta buɗe kabad. Lambobi sun cika ƙofar tun daga sama, na farko sun dushe.

"In ƙarasa mata biyun?"

Ya girgiza kai.

"Ran da ta roƙe ni ya kamata in yi."

Ya kwafe na kwalin a ƙofar, ya tsaya inda ta tsaya, ya ja layi biyu a ƙasa, yadda yake koya wa yara in an gama lissafi.