Jar Motar Sannu-Sannu

Duk tashar an san shi da Sannu-Sannu, domin tsawon shekarun da ya yi yana jan bas ba a taɓa ganin ya wuce wata mota a hanya ba, sai dai in a tsaye take. Fasinjoji su yi ta mita, shi ko ya ƙara muryar rediyo ya ci gaba da tafiyarsa.

Bayan ya ajiye aiki ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Ƙafa ta dawo, magana ta dawo, hannun dama ya ƙi. Likita ta ce lallai ya riƙa motsa yatsun, ta ba shi ƙwallon roba ya dinga matsawa, ya cusa ta bayan kujera ya manta.

Ran nan sai ga babbar 'yarsa da wani kwali, a jikinsa hoton jar motar tsere irin ta da, mai dogon hanci, marar rufi. A ciki ƙananan bulo ne na roba, irin waɗanda yara ke harhaɗawa.

"Ni za ki kawo wa kayan wasa?" in ji shi.

"Baba, ai mota ce. Ko gudunta kake tsoro?"

Matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki. Dariyar nan ce ta sa ya jawo tebur.

Ranar farko ko bulo biyu ya kasa mannewa, ya yi tsaki ya ture. Matar ta tsince waɗanda suka watse, ta ware masa jajaye a faranti ɗaya, baƙaƙe a wani. Tun daga nan kullum da hantsi suna bakin taga, tana nuna masa hoton abin da ke gaba, yana dannawa da babban yatsa har ya ji ƙas. Ya taɓa ɗaura ƙofa a juye, suka yi musu, ya warware yana ƙunƙuni. Ranar da ya juya taya ya ga fistin na hawa da sauka a cikin ɗan injin, ihu ya yi kamar an yi masa albishir.

Da motar ta kammala 'yar ta zo gani. Ya kama hannunta da hannun nan na dama, ya matse har ta ce, "Wash, Baba!" Sai idonsa ya cika, ya yi ta sa mata albarka.

"Ni da gwiwoyina suka ƙare wajen neman bulo fa?" in ji matar.

"Ke taki godiyar ba ta yini ɗaya ba ce."

Hannun bai koma yadda yake a da ba, amma yana sa maɓallin rigarsa da kansa. Motar tana cikin kabad tare da kofunan baƙi, kuma ba ya yarda kowa ya goge mata ƙura sai shi.